An ga fararen dunƙule a ƙashin muƙamuƙin Mama: a cire jijiya ko a fasa ƙashi?

"Assalamu alaikum Dakta. Ni a Makka nake, wajen Shara Mansur. Mamana shekararta 54, haƙorinta na turmi na sama ne ya dame ta muka kai ta mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka yi mata babban hoton nan na baki gaba ɗaya, fanorama. Sai likitan ya ce ya ga wasu fararen abubuwa dunƙule-dunƙule a cikin ƙashin muƙamuƙinta na ƙasa, dama da hagu, alhali wajen ba ya mata ciwo ko kaɗan. Ya ce sai an cire jijiyar haƙora huɗu. Muka je wani wajen, shi kuma ya ce a fasa ƙashin a ɗebi ayyina, wato ɗan guntunsa, a kai gwaji kar ya zama kansa. Tun ranar Mama ba ta barci. Don Allah mene ne wannan, kuma maganar wa za mu bi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri da kika tsaya mata. In na fahimce ki daidai, ga abin da ke gabanmu: mace baƙar fata mai shekara 54, an ga fararen dunƙule a ƙashin muƙamuƙi na ƙasa ta ɓangare biyu, wajen kuma shiru yake, ba ciwo ba kumburi, da ma wani haƙori daban ne ya kai ku asibitin. Ni likitan haƙori ne a Jidda, ɓangaren tiyatar baki da muƙamuƙi. Ban ga hoton ba, ban kuma duba bakin Mama ba, don haka maganata ba ita ce ta ƙarshe ba. Amma yadda kika jero bayanin nan akwai lalura guda da take fara faɗo wa duk wanda ya saba duba hotunan iyayenmu mata a rai, kuma in har ita ce, toh duka shawarwari biyun nan ina roƙon ku dakata da su tukuna. Kar a cire jijiyar ko ɗaya, kar a fasa ƙashin, sai an yi abubuwan da zan gaya miki. Jiran sati biyu ko uku a wajen da ba ya ciwo ba ya kumbura ba zai cutar da ita ba, amma in aka riga aka fasa ƙashin nan babu yadda za a mayar da shi yadda yake.

Wace lalura nake zargi

Likitoci suna ce mata simento-osiyas displeshiya, a takardar asibiti za ki ga an taƙaita an rubuta COD, in kuma ta bazu wurare da yawa sai a rubuta FCOD. Kinsan haƙori ba a manne yake da ƙashi kai tsaye ba, akwai wasu siraran zaruruwa da suke riƙe saiwarsa a cikin ramin da yake zaune. Toh a wajen wasu mutane, ƙashin da ke kusa da ƙarshen saiwar nan sai ya riƙa janyewa a hankali, wani nama mai tauri ya maye gurbinsa, da tafiya ta yi nisa naman kuma ya fara daskarewa ya koma dunƙule mai ƙarfi, irin ɓawon da yake lulluɓe da saiwar haƙori. Abin yana ɗaukar shekaru kuma mai shi bai ma san ana yi ba. Shi ya sa hoton yake canzawa da shekaru: da farko baƙin tabo ne a ƙarshen saiwa, daga baya baƙi da fari a cakuɗe, a ƙarshe ya zama fari tas da siririn baƙin layi ya zagaye shi. Abin da aka gani a wajen Mama, in ita ce, ya riga ya kai matakin ƙarshe, wato ya daɗe a wajen, ƙila tun kina ƙarama yake nan.

Ba kansa ba ce, ba ta rikiɗewa ta koma kansa yadda mutane suke tsoro, ba ta yaɗuwa zuwa sauran ƙasusuwan jiki, ba a ɗauka daga wani. Ba goro ne ya kawo ta ba, ba rashin wanke baki ba, balle a ce jifa ne ko kambun baka, don na san a unguwa ba za a rasa mai faɗin haka ba. Masana har yau ba su tsayar da sababinta ba, sai dai abin da kowa ya yarda da shi shi ne su wa take kamawa: mata ne kusan 9 cikin 10, galibi daga shekara 30 da wani abu zuwa 50 da wani abu, kuma baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka ne a gaba nesa ba kusa ba, sai matan gabashin Asiya su biyo baya. Wanda ya fara fitar da wannan nau'in mai yawa da sunansa wani likita ne a Amurka, Melrose, shi da abokan aikinsa a 1976, sun bi marasa lafiya 34 kuma galibinsu baƙaƙen mata ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a rabe-rabenta na 2017 ta kasa lalurar gida uku: wadda take zama a ƙarƙashin haƙoran gaba na ƙasa, wadda take waje ɗaya tak a baya wajen turame, sai mai yawa wadda take kama dama da hagu, wani lokacin har da muƙamuƙin sama.

A littattafan karatu ana lissafa ta cikin cututtukan da ba a cika gani ba, kuma gaskiya ne in ka ɗauki duniya gaba ɗaya. Amma a cikinmu mu Hausawa da sauran baƙaƙen Makka da Jidda da Madina ba baƙuwa ba ce. Kinga likitan da ya yi karatu ya yi aiki a ƙasar da baƙaƙen mata ba su da yawa zai iya shekaru bai gamu da ita ba, ranar da ya gani sai hankalinsa ya tashi. Ban ga laifin likitocin da kuka gani ba, kowanne akwai abin da yake gudu, sai dai akwai matakan da ya kamata a taka kafin a kai ga abin da suka ce.

Yadda ake gane ta ba tare da wuƙa ba

Mataki na farko, kuma shi ne zai warware maganar likita na farko, shi ne a gwada ko haƙoran nan huɗu suna da rai. Gwajin ba ya cin minti biyar. Ana fesa wani ruwa mai tsananin sanyi a ɗan guntun auduga, a busar da haƙorin, a ɗora audugar a jikinsa. Haƙori mai rai, Mama za ta ɗan zabura ta ɗaga hannu, da an cire audugar cikin 'yan daƙiƙu sanyin ya wuce. Wanda jijiyarsa ta mutu kuwa ko gezau. A manya wani lokacin haƙorin ba ya jin sanyin sosai saboda ramin jijiyar ya tsuke da shekaru, ko an sa masa hula, sai a ƙara da ɗan na'urar lantarki da take tsikarar haƙori kaɗan-kaɗan, a kuma ƙwanƙwasa shi a ji ko zai yi zafi. A wannan lalurar haƙoran suna nan da ransu lafiya lau, abin a ƙashi yake ba a cikin haƙori ba. Dalilin ruɗanin shi ne haƙorin da ya ruɓe jijiyarsa ta mutu shi ma yana yin baƙin tabo a ƙarshen saiwa, wani lokacin ƙashin wajen ya yi fari saboda daɗewar ciwon, to a hoto sai su yi kama. Amma haƙori huɗu a ɓangare biyu, ba kogo ba tsohon ciko babba ba ciwo, a ce duk sun mutu tare, wannan kam da wuya. In aka cire jijiyar haƙori mai rai an kashe lafiyayyen haƙori, an kashe kuɗi, farin abin yana nan daram inda yake, kuma ana iya tura ƙwayoyin cuta ta ƙarshen saiwar zuwa ƙashin da bai iya kare kansa.

Na biyu shi ne karanta hoton da kyau. Ni in aka ɗora min fanorama irin wannan abubuwan da idona yake bi su ne: dunƙulen suna wajen da haƙora suke ne kawai ko sun gangara ƙasa? Akwai wata hanya a cikin muƙamuƙin ƙasa da jijiyar leɓe take bi, a hoto tana fitowa kamar layi biyu a jere, wannan lalurar a saman layin take zama, ba ta cika tsallaka shi ba. Sai in duba ko akwai siririn baƙin layin nan da ya raba farin da saiwar haƙori da kuma lafiyayyen ƙashi. Sai saiwoyin, an cinye su ko suna nan cif, haƙoran an ture su daga layinsu ko suna tsaye a inda suke. Sai gefen muƙamuƙin na ƙasa, a miƙe yake sumul ko ya kumbura ko ya zaizaye. In da shakka sai a yi hoton CBCT, wato siti-sikan na haƙori, wanda yake nuna ƙashin yanka-yanka ta kowace fuska, a ga ko bangon ƙashin ya faɗaɗa ko ya huje. Kuma in Mama ta taɓa yin wani hoton baki shekarun baya, ko a nan ko a gida Najeriya ko Nijar, don Allah ki nemo shi, tsohon hoto a wannan maganar ya fi gwaje-gwaje da yawa amfani, don in an ga abin yana nan tun da bai canza girma ba, rabin tsoron ya tafi.

Na uku gwajin jini ne mai sauƙi, kalsiyam da fosfet da wani sinadari da ake ce wa alkalin fosfatez. A wannan lalurar duk daidai suke fitowa. Ana yi ne don a cire cutar Paget, wadda wani likitan Ingila James Paget ya bayyana a 1877, ita ma tana yin fararen dunƙule a hoto amma tana kama ƙoƙon kai da ƙugu da ƙashin baya, sinadarin nan yana hawa sosai, kuma ta fi yawa a Turawa.

Akwai wasu 'yan'uwanta biyu da ake ruɗa su da ita. Ɗaya ita ce faibros displeshiya, wannan tun yarinta ko ƙuruciya take farawa, gefe ɗaya take kamawa, ta fi son muƙamuƙin sama, fuska tana ɗan karkacewa, a hoto kuma hazo-hazo take ba ta da iyaka tsakaninta da lafiyayyen ƙashi. Ɗayar kuma osifayin faibroma, wannan ƙari ne na gaske duk da ba kansa ba ne, guda ɗaya yake fitowa a zagaye, yana girma yana tura haƙora yana kumbura ƙashi, shi kam sai an yi aiki an ciro shi. Mace mai 54, dama da hagu, ba kumburi, ba ta yi kama da ko ɗaya cikinsu ba.

Me ya sa nake gudun a fasa ƙashin

Dalili biyu. Na farko, dunƙulen nan da suka daskare jini ba ya ratsa su sosai. Muddin dasashi ya rufe su ba ruwansu da kowa, amma ranar da aka buɗe musu ƙofa, ko ta ɗibar ayyina ko ta cire haƙori, ƙwayoyin cutar baki suka shiga, toh jiki ba shi da hanyar kai musu ɗauki. Maganin antibayotik ta jini yake tafiya, kinga kamar gidajen nan ne na kan dutse a Makka da motar ruwa ba ta iya hawa, ruwan yana nan a ƙasa amma bai isa gidan ba. Sai ƙashin ya kamu da ciwo mai naci, mugunya, wari, kumburi ya tafi ya dawo, wata da watanni.

Na biyu, wanda mutane ba su sani ba, ko an ɗebi ayyinar ba lallai ta ba da amsa ba. A ƙarƙashin madubin likita wannan lalurar da 'yan'uwan nan nata biyu kusan kamarsu ɗaya, mai duba ayyinar da ya san aikinsa cewa zai yi a turo masa hoton da shekarun mara lafiya kafin ya sa hannu. Wato an fasa ƙashin an ɗauki kasada, an kuma dawo kan hoton da da ma shi ne alƙali.

Na taɓa karɓar wata Hajiya da ta haura sittin, an cire mata turamen ƙasa a wani waje ba a yi hoto ba, aka yi mata haƙoran roba. Da ƙashin ya riƙa lotsawa kamar yadda yake yi bayan cire haƙori, shi dunƙulen bai lotsa ba, robar ta yi ta gugar dasashin da ke kansa har ya huje. Da ta buɗe baki sai ga wani abu rawaya-rawaya mai tauri ya leƙo ta cikin dasashi, gefensa ja, in an danna mugunya ta fito, tana rufe baki da gefen mayafi in za ta yi magana saboda wari. Ta sha antibayotik kala-kala, ya lafa ya dawo. Sai da muka shiga muka ciro mataccen guntun muka kankare wajen har muka kai ƙashin da yake fitar da jini, sannan ya warke, Alhamdulillah. Abin da ya tsaya min a rai shi ne shekara da shekaru abin nan yana bakinta bai taɓa hana ta cin tuwo ba sai da aka taɓa wajen.

Amma fa kar ki ɗauka ina cewa ba a taɓa ɗibar ayyina. Tsoron likita na biyu yana da tushe, akwai ƙari masu haɗari da suke fitowa a muƙamuƙi, kuma kansar wani waje, musamman ta nono a wajen mata, tana iya zuwa ta sauka a ƙashin muƙamuƙin ƙasa. In leɓen Mama na ƙasa ko haɓarta ya sage kamar an yi mata allurar kashe zafi, in wajen yana kumbura ana ganin ƙaruwarsa, in haƙora sun fara girgiɗi ba dalili, in akwai gyambo a baki da ya wuce sati biyu bai warke ba, in tana ramewa, ko ta taɓa yin jinyar kansa a baya, ko hoton ya nuna an cinye saiwa ko bangon ƙashi ya zaizaye, toh maganar dakatawa ta ƙare, a garzaya wajen likitan tiyatar muƙamuƙi a satin nan, kuma in ya ce ayyina a yi ayyina. Haka in abin guda ɗaya ne kuma siffarsa ba ta fito sarai ba.

Abin da za ku yi yanzu

Ki koma inda aka yi hoton ki karɓi asalinsa a faifai ko su turo miki fayil ɗin, ba wanda aka ɗauka da waya daga jikin allo ba, wannan siririn baƙin layin da nake magana ɓacewa yake yi a irin wancan. Ki nemi ƙwararren da aikinsa karanta hoton baki da muƙamuƙi ne, ko likitan tiyatar muƙamuƙi, ya rubuta rahoto. Kwalejojin haƙori na jami'o'i, irin ta Ummul Ƙura nan Makka da ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, suna da irin waɗannan ƙwararrun, ki tambaya yadda tsarin karɓarsu yake da irin takardun Mama da ta'amin ɗinta, wato inshorar lafiya. Ki faɗa masa kai tsaye, kina so a gwada ran haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kuma ki tambaye shi ko wannan FCOD ce. Ba rashin kunya ba ne, likitan kirki daɗi zai ji.

In aka tabbatar ita ce, babu magani da za a sha, babu aiki, ana barinta ne a riƙa leƙawa, a sake fanorama bayan shekara, in ba canji a riƙa yi duk bayan shekara biyu ko uku. Aikin da ya rage duk na tsare haƙoran ne kar wani ya lalace har a ce sai an cire. Buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, asuwaki yana da kyau amma bai isa shi kaɗai ba don ba ya shiga tsakanin turame, wankin haƙori a asibiti duk wata shida, ƙaramin kogo a cike shi tun yana ƙarami. Shayin nan mai sukari da ake yini ana kurɓa da dabino a kai a kai, a rage yawan lokutan, ta ci a zama ɗaya ta kurkure baki. In tana da ciwon sukari a riƙe shi da kyau a riƙa duba tarakumi, wato gwajin jinin da yake nuna yadda sukarin ya kasance a watannin baya, don sukari da ciwon ƙashi mugun haɗi ne. In wata rana wani haƙori a wajen ya mutu da gaske, gwaji ya nuna, toh a lokacin cire jijiya shi ne daidai, ya fi cire haƙorin nesa ba kusa ba. In kuma cirewar ta zama dole a yi ta a hannun likitan tiyata da ya san da lalurar, ba a tsaitsaye ba, balle wajen masu cire haƙori na kasuwa in an je ganin gida.

Dashen haƙori da ake ta talla yanzu a ko'ina, a wajen da dunƙulen suke ni ba na ba da shawara, ƙarfen yana buƙatar ƙashi mai jini ya kama shi. Sai maganin ƙarfin ƙashi da ake ba mata masu shekarun Mama da yawa a ƙasar nan, ƙwayar da ake sha sau ɗaya a sati irin Fosamax, ko allurar Prolia ta duk wata shida. Waɗannan suna rage saurin warkewar ƙashin muƙamuƙi in an cire haƙori, don haka in tana sha ko za a fara ba ta, likitan ƙashi da likitan haƙori dole kowa ya san da maganar ɗan'uwansa. Kar ta daina da kanta, a dai sanar.

Shi kuma turmin saman da ya kai ku asibiti tun farko kar a manta da shi a cikin wannan hayaniyar, shi ne mai ciwon, a duba shi a yi masa ciko ko a cire jijiyarsa in ya kai ga haka, a kuma duba hoton ko akwai irin dunƙulen a samansa kafin a yi maganar cire shi.

Yau da daddare ki zauna da Mama ki gaya mata likita ya ce abin da aka fi zato ba kansa ba ne, abu ne da ake gani a wajen mata irinta, kuma da yawa suna rayuwa da shi har tsufa ba su ma san yana nan ba. Sannan ki taɓa mata leɓen ƙasa da haɓa dama da hagu ki tambaye ta ko ji ɗaya take yi, ki duba jakar magungunanta ki rubuto min sunayensu, ki gaya min ko tana da sukari da kuma ko ta taɓa yin wata babbar jinya. In kin karɓo asalin hoton ki turo tare da su in duba.